Faifan Da Ba Ya Mantuwa

Duk rinin da wata mai haɗa sinadarai ta shafa wa faifan gwaji, kafin gari ya waye rubutun da hasken leza ya zana a kai ya goge. Shi ya sa a kan faifan take sauke haushinta. Jiya ma ta rubuta: "Shugabanmu holoƙo ne hadarin kaka, ko ruwan zafi bai iya dafawa ba."

Da safe ta tarar da shugaban yana taka rawa, faifan a hannunsa.

"Ƙanwata, rinin ya kama! Shekara dubu wannan rubutun ba zai goge ba!"

"Ranka ya daɗe, ka karanta?"

"Haba, ni kaɗai? Manyan baƙi na zaune, an kunna majigi. Taho, ke za ki karanta musu."