Rigar Ruwana a Zango

Da na ga babu rigar ruwana a jikin ƙusa, na san yau akwai magana.

Tunda 'yata ta faɗi jarrabawar bak ta gama sakandare ba ta ƙara dariya a gabana ba, amma duk Asabar sai ta tafi Zango kallon fim da ƙawayenta. Wane irin fim ne ake kallo da rigar ruwa a tsakiyar rani? Na tare kabu-kabu na bi ta.

Na leƙa ta zauren gidan da ta shiga. Sun fito da tele tsakar gida, a ciki wani mutum yana yi wa akuya aski cikin ladabi. Ni ban gane ba, su kuwa har da riƙe ciki. Ɗaya ta kifa tukunya a ka, wata ta yi gashin baki da gawayi.

Fim na ƙarewa mai tukunya ta ce, "Saura ke! Wa kika zo mana da shi?"

'Yata ta miƙe cikin rigata. Ta dubi sararin da babu gajimare, ta ja wuyan rigar, ta kara waya a kunne: "Alo? Kina ina? Kin ci abinci? Wa ke tari kusa da ke?"

Suka tuntsire da dariya, har da ita.

Mai gashin baki ta ce, "Don Allah ara mini babanki. Nawa ko ajinmu bai sani ba."

'Yata ta rungume rigar. "Ba na bayarwa."

Na dawo gida a ƙafa. Har yau ban sani ba, dariya aka yi mini ko yabona aka yi.