Kati Marar Tauraro

"Miƙa masa mana, Mama, kina ɓata mana lokaci!" Tsutomu ya daka wa tsohuwar tsawa, yana nuna mai shagon da ke sayen tsofaffin katunan wasa.

Jiya ya ajiye aikinsa, har da zagin shugabansa. Dalili kuwa, ya tuna katin wasansa na yarinta ba shi da ɗan tauraron da ake buga wa sauran katunan a kusurwa. Rashin tauraron alamar bugun farko ke nan, kuma kuɗin irinsa yanzu ya isa sayen gida a Tokyo. Shi ya sa ya kira uwarsa Haruyo, wadda ya shekara shida bai nema ba, ta hau jirgin ƙasa ta kawo katin.

Kuwabara mai shagon ya ƙura wa katin ido, ya tuntsire da dariya.

"Bugun farko ne kam. Amma wa ya zana masa tauraro da biro? Malam, ko kyauta ba na so."

"Ni ce," in ji Haruyo tana yi wa ɗanta murmushi. "Ka manta? Da kuka ka jefar da shi, wai yara sun ce naka jabu ne. Na tsince, na gyara maka."

Ta shafa katin da yatsa.

"Ka gani, har yau bai goge ba."