Tafin Hannu a Bango

Kun taɓa ganin yadda injin feshi ke cinye bango? Ba ya zaɓe. Tabo ne ko ado, duk abin da ya tarar binne shi yake yi.

Mai fenti ya dama fentin yumɓu a bokiti, ya tace shi da rariya don kada tsakuwa ta toshe bakin bindigar feshin. Ya rufe taga da leda. Bai tambayi kowa inda soket yake ba, hannu kawai ya zura bayan kwaba ya jona waya.

Mai gida ya karɓi gidansa. Sababbin 'yan haya na tafe da jariri, shi ya sa ya ce fentin yumɓu marar wari za a yi, kuma kada a bar ko ɗigon tabo. Tsohuwar da ta ƙare ƙuruciyarta a ɗakin za ta koma wurin 'yarta, wadda ke tsaye bakin ƙofa da jaka, kanta a ƙasa.

Tsufa ya kwashe wa tsohuwar sunaye da fuskoki. Abu ɗaya ya bar mata: wani ɗan tafin hannu shuɗi a ƙasan bango, ƙaramin yatsansa a karkace.

Bango uku suka tafi. Da mai fentin ya juyo kan na huɗu, ta cafke hannun rigarsa.

"Bawan Allah, ban da nan. Ɗana ne ya tsoma hannu a fentin babansa. Na zane shi ranar, ja'iri, yana kuka yana dariya. In ya zo bai gani ba, yaya zai gane gida?"

Ya yanko leda, ya durƙusa, ya liƙe wurin a hankali.

Mai gida ya leƙo. "Malam, gidan tarihi na ce ka buɗe mini? Cire."

Mai fentin ya dubi 'yar, ta kawar da kai. Ya sauke takunkumi, ya cire tabarau, ya tsaya gaban tsohuwar. Ta ƙare masa kallo.

"Sannu da aiki," in ji ta. "Kana da kirki. Allah Ya raya maka naka."

Ya ɓare ledar. Injin ya yi gurnani, feshin ya sauka, shuɗin ya dusashe har ya ɓace. Tsohuwar ba ta yi kuka ba. Ta dai riƙa shafa iska, har 'yarta ta ja ta waje.

Da ɗakin ya yi tsit, ya zare safar hannu, ya ɗora tafinsa kan ɗanyen yumɓun. Sawun ya fito ƙato, ƙaramin yatsan a karkace.

In kun gamu da ita tana cigiyar ɗanta, don Allah kada ku gaya mata shi ne ya fesa bangon.