Yatsun Iklima

"Ba zan buɗe ba, Malam."

Shugaban makarantar, Malam Sambo, ya sake tura wa Murja na'urar wasan bidiyon. Yatsanta kaɗai ke iya cire iyakar da ta sa wa 'yarta Iklima: awa ɗaya a rana. Tun da aka mai da wasan bidiyo ma'aunin ƙoƙari, da yawan awannin da yaro ya buga ake ba shi matsayi a aji.

"Haba Maman Iklima, ke fa mai ilimi ce! Yarinyar da ke zuwa ta ɗaya ta koma ta ƙarshe."

"Ilimin ne ya hana ni."

Ta leƙa taga. An fita hutun tara, yara na zaune hannu ba komai, amma yatsunsu na ta motsi su kaɗai. Haka na Iklima suke yi a da, har cikin barci. Yanzu ga ta can gindin darbejiya tana ɓare gyaɗa, hannun ko rawa ba ya yi. Murja ta sauke ajiyar zuciya.

"To, za mu cire sunanta."

"A cire."

Iklima ta rasa gurbinta a makarantar, ta kuma yi sati uku gaisuwa kaɗai ke haɗa ta da uwarta.