Turke Ɗaya Kawai Na Cire

Mai Ƙwai yana kwance a ɗakinsa, ƙafarsa ta dama ta ƙare a gwiwa. Kekensa na jingine a tsakar gida, tayar gaba ta lanƙwashe, matarsa ta fara shanya tsumma a kai.

Shekara da shekaru ya yi yana raba wa shaguna ƙwai a babban titin unguwa, kiret bisa kiret a bayan keke, ɗaure da igiyar roba. Tuƙin tsoro yake yi, ido ɗaya a gaba, ɗaya a kafaɗa. Tsoron ne ma ya tsare shi, ko ƙwarzane mota ba ta taɓa yi masa ba.

Da aka zo da maganar ware wa masu keke layi a gefen titin, a kafa turakun ƙarfe tsakaninsu da motoci, an sha cacar baki. Masu mota suka ce hanya za ta matse. Direbobin haya suka ce ba za su sami wurin ɗaukar fasinja ba. A taron unguwa, mai kanti ne ya miƙe ya yi magana mai daɗi, ya ce ran mai keke ma rai ne, har ya nuna Mai Ƙwai da hannu. Aka tafa masa. Tela ya ɗaga hannu, mai shagon magani ya ɗaga, aka amince.

Aka kafa turakun, aka shafa musu fenti. Sai ga Mai Ƙwai yana tuƙi yana ɗan waƙe-waƙensa a ƙasan maƙoshi. Wuyansa ya huta da waiwaye.

Ba a daɗe ba mai kanti ya kira mai walda ya yanke turken da ke ƙofarsa, wai don motar kaya ta riƙa matsowa. Tela ya ga haka, ya cire nasa, ya ce matan da ke kawo masa ɗinki ba sa son taka ƙasa da takalmansu. Mai magani ya ce marasa lafiya ake kawo masa, sai an sauke su a bakin ƙofa. Wa zai yi musu da mara lafiya?

Mai Ƙwai ya taɓa yi wa mai kanti maganar, yana sauke masa kaya.

"Haba Baba, ɗaya ne fa. Ɗaya tak," in ji mai kanti yana dariya. "Ko haƙorinka ɗaya aka cire ai za ka ci nama."

Mai Ƙwai ya yi dariyar yaƙe ya bar zancen. Mutumin ya fi kowa sayen ƙwansa.

Wata safiya wani fasinja ya ɗaga wa tasi hannu daga bakin shagunan. Direban ya ga kafa inda aka cire turke, ya karyo kan mota ya shigo layin kekuna ba ko sigina. Mai Ƙwai bai waiwaya ba, ya riga ya manta da waiwaye.

Abin da yake tunawa shi ne ƙarnin ƙwai a kan kwalta mai zafi, ƙwaiduwa haɗe da jininsa, ƙudaje sun sauka tun kafin a ɗaga shi. Yana tuna wayoyin da aka ɗaga ana ɗaukar hotonsa. Yana kuma tuna wata mata da ta durƙusa dab da kansa, ya zaci taimako ta kawo, ashe ƙwan da ba su fashe ba take tsinta tana zubawa a jaka.

Bayan an sallame shi daga asibiti, mai kanti da tela da mai magani suka zo dubiya da ledar lemo. Suka zauna a tabarma, aka yi "ya jiki", aka yi addu'a. Daga nan tela ya ce shi dai ya ji an ce ta wajen mai kanti motar ta shigo. Mai kanti ya ce ƙarya ne, kafar da ke ƙofarsa ko amalanke ba ta shiga da kyau, sai dai ta wajen mai magani. Mai magani ya ce ai laifin hukuma ne da ta kafa ƙarfen da ke yankuwa da sauƙi. Suka yi ta yi a kansa, kamar ba shi a ɗakin.

Mai Ƙwai ya yunƙura ya jingina da bango.

"A cikinku wa ya mayar da turkensa?"

Tela ya duba agogo. Mai magani ya tambayi matar gidan ko ana ba shi maganinsa a kan lokaci. Mai kanti ya gyara zama.

"Baba, ka huta. Ai mun ma ɗauki mataki. Jiya an yi taro, ni na yi magana. Na ce layin nan yaudarar bayin Allah yake yi, ga abin da ya sami Mai Ƙwai. Da bai dogara da shi ba, da yanzu yana kan ƙafafunsa. An amince a cire sauran turakun gaba ɗaya."

Mai Ƙwai ya dube shi. Bakin da ya nuna shi a gaban jama'a aka kafa, shi ne ya sake ambaton sunansa aka tumɓuke.

"Uwar yara," ya ce wa matarsa, "miƙo min roba, amai nake ji. Ki ba su lemonsu su tafi da shi."

Mai karatu, abin da aka yi don kare ran jama'a ba mutum ɗaya ke rusa shi ba, mu ne muke cire shi ɗaya-ɗaya, kowa da uzurinsa mai kyau. Kafin ka ce naka ɗaya ne kawai, ka tuna akwai wanda ya daina waiwaye saboda ya yarda da kai.