Ƙwayoyin Inna Dela

Ranar sadakar bakwai, Gwaggo Rabi ta ɗaga katifar marigayiya za ta shanya, sai wasu ƙananan kwalaye suka zubo ƙasa.

Mashkura na tsaye a bakin ƙofa. Tun rasuwar mahaifiyarta ba ta shiga ɗakin nan ba, ba ta kuma taka madafa ba.

Mahaifiyar tata, Inna Dela, shinkafa take sayarwa a kasuwar Lolo. Ƙiba ta kashe mata gwiwoyi, har salla sai a zaune. Likita a Bagudo ya rubuta mata maganin rage ƙiba, ya ja mata kunne a gaban Mashkura: ƙwaya ɗaya a rana, kada a ƙara, don akwai wani sinadari a ciki da ke bugun zuciya idan ya yi yawa.

Suna komawa gida Dela ta jefa takardar likita a kwandon shara. "Wallahi ba ni shan abin da ka taɓa zuciya!" Mashkura ta yi roƙo, ta yi kuka, ta ce ba ta son ganin Inna a keken guragu. Ana nan sai ta daina maganar.

Sai ga Dela ta fara ramewa. Ta koma salla a tsaye, mata suna ta santi. Daga baya hannu ya kama rawa, gumi ba dalili, ƙirji na dukan tara-tara. Wata ranar kasuwa ta faɗi tsakanin buhuna, ba ta sake tashi ba.

Rabi ta tsince kwalayen, sai ga na maganin rage ƙiba ne. Rubutun Faransanci ne a jikinsu, irin kayan da 'yan Illo ke tsallakowa da su daga Benin.

"Ashe tana sha!" in ji ta. "Kunya ta hana ta faɗi, tun da ta rantse." Ta duba takardun ƙwayoyin, duk an ɓare su. "Kwali ukku, wata ukku. Ɗaya kullum, ba ta ƙara ba. Ɗaya kuwa likita ya ce ba komi. Kwana ne ya ƙare, ɗiyata, ki yi haƙuri."

Mashkura ta silale ta zauna a ƙasa.

Wata ukun nan, kowace safiya, ita ma ƙwaya ɗaya ta maganin likita take dakawa a ɓoye ta zuba wa Inna a kunu.