Wanda Aka Sauko da Shi Daga Hawa na Uku

Karo na huɗu ke nan Jiniya yana hawa matakalar ofishin diyya, hannu ɗaya a ƙugu, ɗaya a jikin bango. Shekara goma sha shida yana aikin motar agajin gaggawa. Ya ɗauki masu karaya, ya ɗauki masu naƙuda, bayansa bai taɓa cewa uffan ba. Sai ga shi a atisaye, gobarar ƙarya da hayaƙin ƙarya, ya samu ciwon gaske.

Ranar atisayen, bi aka yi ofis-ofis ana kwaso ma'aikata su kwanta a matsayin waɗanda suka jikkata. Aka naɗe musu fuska da bandeji, aka lulluɓe su da bargo. Rabon Jiniya da abokin aikinsa ya faɗa kan wani a hawa na uku. Suna ɗaga gadon ɗaukar majinyata da yake kai, wani abu ya ce ƙas a bayan Jiniya. Ya cije ya kai kayan har ƙasa, sannan shi ma aka kwashe shi. Kafin ya dawo hayyacinsa, majinyatan ƙarya duk sun kwance bandeji sun watse.

Likita ya rubuta masa gashin baya na wata uku. Hukuma za ta biya, har da albashi, muddin aka cika fom kafin ƙarshen wata. In ba haka ba, sai a ce a gida ya ji ciwonsa. Jiniya mai 'ya'ya biyar ne, kuma tsoro ya kama shi ƙwarai.

Fom ɗin kuwa duk ya cika sai gida biyu. Na tara yana neman nauyin abin da aka ɗaga. Na goma yana neman sa hannun wanda aka ɗaga, in mutum ne.

Jami'in diyya, wanda kowa ke kira Malam Sai-Gobe a bayan idonsa, mutum ne mai ƙa'ida. Ba a cika ganin sa a tsaye ba. Kullum yana bayan teburinsa mai faɗi, 'yan kwanakin nan ma da shayi ba sukari, yana sha yana yatsina fuska.

"Ranka ya daɗe, ina zan gano shi?" in ji Jiniya. "Ni dai na san ya fi firji nauyi."

"Kai, ka ji tsoron Allah, ka bar cin naman bawan Allah. Wani ƙashinsa ne mai nauyi. Ka dawo gobe."

Jiniya ya je wajen shugaban atisaye, shugaban ya ce shi kawuna ya ƙirga, bai rubuta suna ba. Ya zaga ɗakin cin abinci yana auna mutane da ido, har wani direba ya tambaye shi ko lafiya. Kwana shida suka rage.

Matarsa ce ta warware ƙullin, tana shafa masa man zafi.

"Haba baban yara, ba ka ce gadon har lanƙwasa ya yi ba? Ba kuna da sikeli a wajen aiki ba? A hau mana, ɗaya bayan ɗaya, a ga wanda ya fi kowa nauyi."

Jiniya ya kai shawarar wajen babban ogan hukumar. Da yake mai son a yi abu a gaban jama'a ne, nan take ya amince. Ranar Litinin a filin fareti, duk ma'aikacin gidan zai hau sikeli, a faɗi nauyinsa da lasifika.

Jiniya ya kai sanarwar ofishin diyya don a liƙa a ƙofa. Malam Sai-Gobe ya karanta ta sau biyu. Ya ture kofin shayi gefe, ya dafa tebur ya miƙe, kujerar ta yi ajiyar zuciya. Ya je ya rufe ƙofa har da sakata.

"Ba sai an tara jama'a a rana ba. Kawo fom ɗin."

Ya zare biro, ya rubuta kilo ɗari da arba'in da ɗaya a gida na tara ba tare da ya tambayi kowa ba, sannan ya sauko gida na goma ya sa hannu.